Yaranmu Da Maƙwabtanmu

Jama'a, karatunmu na yau a kan yara ne. Ba yara na goye mu ke nufi ba. Muna nufin waɗanda suka tasa, daga mai shekara goma har zuwa saurayin da ya isa aure. Su ne ƙarfin gari. Su ke yi mana noma, su ke saran rake, su ke lodin tumatir a mota, su ke kai mu asibiti a kan babur. Ran da tarzoma ta tashi kuwa, su ne a gaba. Ba mu taɓa ganin tsoho mai furfura ya ɗauki galan na fetur yana gudu ba. Tsoho magana ya ke yi a zaure. Yaro ne ya ke ɗaukar maganar ya fita da ita waje.

Mu nan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, mafi yawanmu Musulmi ne. Amma akwai Kirista tare da mu. Waɗansu baƙi ne, aiki ko ciniki ko karatu ya kawo su, kamar ɗaliban da ke zuwa kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi. Waɗansu kuwa ba baƙi ba ne ko kaɗan. Hausawa ne, a nan aka binne cibiyarsu, a nan kakanninsu suka yi noma. Ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wani gari sai wannan. Rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, damina ɗaya ke yi mana kyau, fari ɗaya ke cin mu.

To, in haka ne, me ke kawo faɗa?

ABIN DA YA FARU

A ran 21 ga Fabrairu 2000 faɗa ya tashi a birnin Kaduna a kan maganar shari'ar Musulunci. A watan Mayu ya sake tashi. Waɗanda suka mutu sun fi mutum 1,000, Musulmi da Kirista. Labari ya kai kudu, aka faɗa wa Hausawa 'yan kasuwa a Aba, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da ƙura ta lafa, sai mutanen Kaduna suka yi ta ƙaura. Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudancinsa. Yaran da aka haifa bayan wannan, waɗansu sun girma ba su taɓa yin wasa da ɗan wani addini ba.

Gwamnan lokacin ɗan ƙasarmu ne, Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, wanda ya riƙe jihar daga 1999 zuwa 2007. Ya yi ƙoƙari. A 2001 aka shirya kotuna iri uku. Musulmi yana da kotun shari'a, wanda ba Musulmi ba yana da kotun al'ada, kotun majistare kuwa ta kowa ce. Aka kuma ba waɗansu ƙabilu na kudancin jihar sarautunsu na kansu. A ran 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka taru a Kaduna, 11 Musulmi, 11 Kirista, suka sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya.

Wata uku ke nan da sa hannu, sai wata jarida ta buga maganar da ta ɓata wa Musulmi rai, a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. Faɗa ya sake ɓarkewa a Kaduna cikin Nuwamba 2002, aka kashe mutum fiye da 200.

Muna iya cewa wannan duk Kaduna ne, can nesa. Amma a watan Afrilu 2004 wutar ta kama a cikin garin Makarfi, garin Gwamna kansa. An zargi wani yaro Kirista da wulaƙanta Alƙur'ani. An ce yaron ba shi da cikakken hankali. Taro ya fusata, aka ƙone coci-coci da dama a garin.

Mu tsaya nan kaɗan, domin a nan darasin ya ke. Kowane Musulmi ransa zai ɓaci in ya ji an taɓa Alƙur'ani. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma mu tambayi kanmu. Cikin waɗanda suka fita ran nan, mutum nawa ne suka ga abin da idonsu? Malamanmu sun koya mana cewa hukunci ba ya hawa kan wanda ba shi da hankali. Ko da mai hankali ne ya yi, ai akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai alƙali. Sa'an nan mutanen da aka ƙone wa wurin ibada, wane laifi suka yi? Laifin mutum ɗaya aka ɗora wa jama'a duka. Haka nan aka yi wa Hausawan Aba. Mun ji zafin wancan, mun ce zalunci ne. To, wannan ma sunansa ke nan.

Takardar da manya 22 suka sa wa hannu takarda ce mai kyau. Abin da ya rage shi ne, yaron da ke tashar mota bai karanta ta ba, ba kuwa wanda ya karanta masa. Manya sun shirya a cikin ɗaki mai sanyi. Yara suna waje, ba a gaya musu kome ba sai abin da suka saba ji a gida.

A GIDA A KE KOYA

Ba a haifar yaro da ƙiyayya. Ku dubi yara ƙanana a bakin rijiya. Ɗan liman da ɗan fasto suna wasan ƙasa tare, ba ruwansu. Koya musu a ke yi daga baya, kuma sau da yawa mai koyarwar bai san yana koyarwa ba.

Uwa ta ce wa ɗanta, "Kada ka sha ruwa a gidan arnan nan." Uba yana hira a zaure ya ce, "Ai mutanen nan ba su da amana." A wancan gidan kuma a ce wa yarinya, "Kada ki yarda da su, duk 'yan ta'adda ne." Babba ya faɗa ya manta. Yaro ba ya mantawa. Ya kan ajiye maganar shekara goma. Ran da wani ya yi ihu a kasuwa, sai maganar nan ta farka a cikinsa, ya ga ba mutum ne a gabansa ba, abin da aka gaya masa ne tun yana ƙarami.

Saboda haka farkon aikin ba a makaranta ya ke ba. A bakinmu ya ke. Maƙwabcinmu yana da suna. Mu kira shi da sunansa a gaban yara. In ya cuce mu, mu ce wane ya cuce mu, kada mu ce mutanen nan sun cuce mu.

Akwai wani tsoro da ya kamata mu faɗa a fili, domin mun san yana zuciyar waɗansu a ajin nan. Mutum ya kan ce, "Wannan fahimtar juna da a ke ta faɗa, dabara ce ta a gauraya addini, ko a janye mini ɗa." Musulmi na wannan tsoro, Kirista ma na yi. A'a. Ba a ce kowa ya bar nasa ba. Ba a ce addinan nan biyu ɗaya ne ba, domin ba ɗaya ba ne, akwai inda suka rabu ƙwarai. Yaro ya je makarantar allo ko Islamiyya ya san addininsa sosai. Wancan ya je makarantar Lahadi ya san nasa. Mun lura ma, wanda ya san addininsa da kyau ba shi ne ya fi saurin ɗaukar sanda ba. Mai rabin sani ne a ke zugawa.

Kowane addini yana da labarin da za a ba yaro. Musulmi ya gaya wa ɗansa cewa sa'ad da aka matsa wa Sahabbai a Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura su Habasha wurin Najashi, sarki Kirista. Kuraishawa suka aiko a mayar musu da su. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa sarkin Suratu Maryam, sarkin ya ƙi ba da su. Ya kuma gaya masa cewa Kiristan Najran sun zo Madina, aka karɓe su aka yi magana da su cikin mutunci. Kirista ya gaya wa ɗansa labarin da ke cikin Linjila ta Luka, na mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanya. Mutanensa suka wuce shi. Wani Basamariye, wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba, ba kuma hanyar ibadarsu ɗaya ba, shi ya tsaya ya ɗauke shi ya biya kuɗin jinyarsa.

LABARIN ƘASARMU

Akwai kuma labarin nan gida, wanda yaranmu da yawa ba su taɓa ji ba.

A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman cikin karatunsa. Aka riƙa kiran almajiransa Isawa. Suka watsu zuwa ƙasar Ningi da ƙasar Zazzau. Daga baya waɗansu cikin zuriyarsu suka haɗu da Likita Mila, Baturen mishan da ke Zariya, suka zama Kirista. Wajen 1914 aka kafa musu ƙauye a Gimi, arewa da Zariya. Suka yi gonaki da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa musu, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Da yawa suka mutu, saura suka koma Zariya. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa. Ciwon nan dai bai tambayi addinin kowa ba. Shi ne ya addabi ƙasar Anchau, har aka share kurmi aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

A Anchau ɗin nan, maƙwabtan Ikara, aka haifi Ishaya Audu a 1927, cikin zuriyar Isawa. Ya yi karatu ya zama likita. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, jikan Shehu Usmanu, shi ya ɗauke shi likitansa na kansa. Ku duba fa. Mutum ba ya ba da jikinsa ga wanda bai amince da shi ba. Daga 1966 zuwa 1975 Ishaya Audu ne shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera. 'Ya'yan Musulmi dubbai sun yi karatu a ƙarƙashinsa. Asibitin Wusasa kuwa, da wuya a sami ƙauye a nan da ba a taɓa kai wani nasa can ba.

Yaron da ya san wannan, in aka ce masa Kirista baƙo ne a ƙasar Hausa, zai san ba haka ba ne.

LIMAN DA FASTO

Wani zai ce, "To, wanda ƙiyayya ta riga ta shiga zuciyarsa fa?" Ga labarin mutum biyu.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye mutanen Kaduna ne. Sa'ad da su ke samari, kowannensu shugaba ne cikin samarin addininsa masu shirin faɗa. A 1992 rikicin Zangon Katab ya iso Kaduna. Aka sare wa Wuye hannun dama. Ashafa kuwa aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowa ya riƙe ɗan'uwansa a zuci, yana jiran ranar ramuwa.

A 1995 wani wanda ya san su duka biyu ya haɗa su a wurin wani taro, ya ce su yi magana. Suka fara, amma ba da zuciya ɗaya ba. Ashafa ya ce wata huɗubar Juma'a ce ta karya masa zuciya, a kan yadda Annabi ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je dubiya. Wuye kuwa ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru suna tafiya tare, in sun kwana ɗaki ɗaya zuciyarsa na raya masa ya danne Ashafa da matashin kai. Kun ji fa. Ƙiyayya ba ta fita rana ɗaya.

Amma ta fita. Suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna. Suna cikin waɗanda suka shirya takardar nan ta 2002. Sun yi aikin sulhu a Yelwa da Shendam cikin jihar Filato, har an kira su ƙasar Kenya bayan rikicin zaɓen can. Liman bai bar Musulunci ba, fasto bai bar Kiristanci ba. Da su ke samari an koya musu faɗa, suka iya. Da a ce tun suna yara aka haɗa su, watakila da Wuye na da hannunsa biyu.

"AN CE"

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu masu koyon karatu. Yawancin tarzoma da kalma biyu ta ke farawa: "An ce." An ce an zagi Annabi. An ce an ƙone coci. An ce an kashe mutanenmu a wuri kaza. A watan Maris 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A lokacin ba wayar hannu. Duk da haka labarin ya bazu, kowa ya ƙara masa gishiri. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe mutum fiye da 800 a Arewa cikin kwana uku. A ƙasar Zariya an ƙone coci-coci, a Zonkwa an kashe Musulmi da yawa. Kowane gefe yana cewa ramuwa ya ke yi.

Yau kuwa "an ce" ya shiga aljihun kowane saurayi. Saƙo ya kan zo ta WhatsApp ko Facebook, da hoton gawa, da murya mai kuka. Wani hoton na shekara goma ne da ta wuce. Wani ma ba a Nijeriya aka ɗauke shi ba. Mu da muka fara karatu da girma muna da wata ɗabi'a, mu kan ga kamar duk abin da aka rubuta gaskiya ne. Ba haka ba ne. Hannun da ya iya rubuta gaskiya ya iya rubuta ƙarya.

Mu koya wa yaranmu tambaya uku, su riƙe kamar karatun allo. Wa ya gani da idonsa? A ina? Yaushe? In mai kawo labari ya kasa amsawa, a bar labarin nan inda ya ke, kada a tura wa kowa. In ya amsa, labarin gaskiya ne, to hanya ita ce gidan mai unguwa ko dagaci ko ofishin 'yan sanda. Ba kasuwa ba, ba tashar mota ba.

Mu kuma tuna masu wanda ya ke kashe mu da gaske. A watan Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Saya-Saya a ƙasar Ikara, suka harbe mutane a masallaci lokacin sallar lisha. A 2021 an sace yaran Islamiyya a Tegina cikin jihar Neja, an kuma sace yaran makarantar Baptis ta Bethel kusa da Kaduna. Iyayen duka biyu kuka iri ɗaya suka yi.

ABIN DA ZA MU IYA

A 2017 gwamnatin jiha ta kafa hukumar zaman lafiya. Madalla. Amma hukuma ba ta san sunan yaran unguwarmu ba. Mu muka sani.

Yaro Kirista ya kamata a gaya masa abin da Musulmi ke girmamawa. Takarda mai rubutun Larabci ba a ƙunsa ƙosai da ita, ba a taka ta. In ya tsince ta a ƙasa ya miƙa wa Musulmi. Ba a gilmawa ta gaban mai salla. Ba a wasa da sunan Annabi ko da a cikin raha. Yaro Musulmi a gaya masa cewa coci ɗakin ibada ne a wurin masu shi. Ba a jifar kwanonsa, ba a kwaikwayon waƙarsu don dariya, ba a bin 'ya'yansu da waƙar zambo a hanyar makaranta. Yawancin abin da ke jawo "an wulaƙanta mana" rashin sani ne, ba wanda ya taɓa zaunar da yaron ya gaya masa.

Sa'an nan a haɗa su aiki. Nasiha ita kaɗai ba ta isa ba. In za a yi gayya, ko gyaran hanya, ko yashe rijiya, a kira samarin gefe biyu. In za a raba 'yan ƙwallo, kada a raba su bisa addini, a cakuɗa su. Wanda ya ba ka ƙwallo ka ci jiya, da wuya ka ƙone masa gida gobe. Tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti da iyayenmu su kan aika wa juna, waɗansu gidaje sun daina. A mayar da shi, kuma yaro za a ba kwanon ya kai, don ya shiga gidan ya gaishe su ya ga mutane ne. In an yi rasuwa a gidan maƙwabci, uba ya tafi gaisuwa da ɗansa a gefe.

Liman da fasto na gari ɗaya su san gidan juna, kowa ya riƙe lambar wayar ɗan'uwansa. Ran da "an ce" ya shigo gari da dare, a sami mutum biyu da za su iya fita tare su tsaya gaban samari.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara shugabannin addini suka sa hannu a takardar zaman lafiya a Kaduna? Su nawa ne?
2. A ina aka haifi Ishaya Audu? Likitan wa ya zama?
3. Faɗi tambaya uku da za a yi wa mai kawo labari.
4. Wace magana ce ka taɓa yi a gaban ɗanka wadda ba ka so ya maimaita ta a kasuwa? Wannan ba sai ka faɗa wa malam ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan maƙwabci ɗaya wanda ba addininsu ɗaya ba, da sunayen 'ya'yansa. Wanda bai san sunayen ba, ya je ya tambaya kafin ranar aji mai zuwa. Ya tafi da ɗansa.